Ƙasar da Alƙibla Take Yamma

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku, in na gama zan mayar muku da abinku. Wannan ba tatsuniya ba ce, don haka ba sai an jira dare ba. Ni Hauwa'u, da ake kira Hajiya Kulu mai daddawa a Azare, ni na taka da ƙafata, na gani da idona. Ban yi boko ba, a allo ma ban wuce surorin da nake sallah da su ba. Maƙwabciyata malamar makaranta ce take rubutawa, ni kuwa ina faɗa.

'Ya'ya tara na haifa, na binne huɗu. Autana Usmanu, wanda nake ce wa Shehu, shi ya tafi Japan karatun injinan noma. Ya gama, ya samu aiki, ya auri 'yar ƙasar, ta musulunta aka sa mata Maryam. Shekara biyu da shigowar wayar salula Azare, ya bugo mini ya ce Maryam ta sauka lafiya, mace, ya yi mini takwara, suna kiranta Ummi. Takarduna dama ya shirya su tun cikin yana ƙarami. Ya ce, "Inna, ki zo ki yi mata wankan jego."

Wanda ya raka ni shi ne Oga Emeka, Inyamurin nan mai sayar da kayan mota kusa da tasha. Ya fi shekara ashirin a Azare, Hausa a bakinsa kamar a nan aka yanke masa cibiya, kuma yakan je can saro kaya. A jirgi na tambaye shi wane irin mutane zan tarar.

Ya ce, "Hajiya, ba su sata. Ki yar da jakarki a titi, gobe ki dawo ki same ta. Amma abin bauta, nasu ya fi kayan shagona yawa. Dutse da nasa, kogi da nasa."

Na ce, "Kai Emeka, tsorata ni kake yi ko raka ni?"

Ya ce, "Ni ma fa coci nake nema a can in rasa. Mu biyu duk baƙi ne."

Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Da muka sauka, kare aka fara sako mana. Ya zo ya shinshina zanena, ni ko motsi na kasa, ina ta salati a zuci. Wani ma'aikaci mai farar safar hannu ya buɗe jakata. Kilishi ya ɗauke gaba ɗaya, yana ta sunkuyo mini da kai kamar shi aka yi wa laifi. Kanwa ya ƙwanƙwasa ta, ya juya ta, ya kira wani, wancan ma ya kira wani. Da ya kwance ƙullin daddawa kuwa, ya ja da baya har ya bugi kujera. Emeka ya yi ta yi musu Turanci har suka bar mini kanwa da garin kunu da kuka. A ƙofa ya damƙa ni hannun Shehu, ya ce, "Ga amanarka, ba ta ci komai ba tun Kano." Ya shige cikin mutane. Na bi shi da kallo kamar ɗan'uwana ne ya tafi.

Muka shiga jirgin ƙasa, muka sauka, muka shiga wani ƙarami, har wani ƙauye da ke tsakanin gonakin shinkafa da duwatsu masu duhun itatuwa. Ashe su ma kamar mu suke, mace takan koma gidan uwarta ta haihu. Uwar Maryam wata 'yar tsohuwa ce, bayanta ya tanƙware, mijinta ya rasu. Kowa na ce mata Obacan, wato kaka. Ta durƙusa a bakin ƙofa ta kai goshinta ƙasa tana gaishe ni. Na ce wa Shehu, "Ka ce ta tashi, ba a yi wa mutum sujada."

Aka miƙo mini takwarata, kwananta goma sha ɗaya a duniya. Na yi mata addu'a a ka. Sannan na ce, "Shehu, ina gabas? La'asar na wucewa."

Ya nuna mini inda rana take faɗuwa.

Na ce, "Kai, gabas na ce."

Ya ce, "Inna, a nan alƙibla tana yamma. Mun wuce Makka, tana bayanmu."

Mun wuce Makka. Shekara sittin da wani abu ina ba faɗuwar rana baya in zan yi sallah, yau ga ni ina kallonta. Na yi sallar, amma na idar ban san me na karanta ba. Na ce a raina, na zo inda duniya ta kife.

Da safe wata ƙara ta tashe ni, siririya, mai daɗewa a kunne. Bangon ɗakunansu na takarda ne, ana jan ƙofa gefe. Na ja kaɗan na leƙa. Obacan na durƙushe gaban wani baƙin kabad mai ƙyaure biyu, cikinsa ruwan zinariya. A ciki akwai ɗan gunki yana zaune ya naɗe ƙafa, da wani ɗan allo mai rubutu, a gefe kuma hoton wani tsoho. Ta ajiye 'yar tasar shinkafa da kofin shayi, ta kunna tsinken turare, ta bugi wata 'yar ƙwarya ta tagulla. Sai ta haɗa tafin hannu tana magana, irin maganar da mace ke yi wa mijinta da safe. Har da 'yar dariya.

Daga nan ta wuce wani ɗakin. Can sama kusa da rufi akwai kanta, a kai ɗan gidan katako kamar na wasan yara, da igiyar kara a murɗe, da farar takarda na reto, da ɗanyen ganye. Ta sa ruwa da gishiri, ta sunkuya sau biyu, ta tafa sau biyu, ta sake sunkuyawa.

Da Shehu ya fito zai tafi aiki na tare shi. Ya ce, "Inna, addini biyu suke haɗawa. Na saman nan shi ne Shinto, nasu na gado. Sun ce akwai wasu da ake kira kami, suna cikin dutse da itace da ruwa, su ake roƙo kan haihuwa da noma da aure. Baƙin kabad ɗin kuwa na addinin Buda ne, shi ke kula da matattu. Mijinta take gaisarwa, tana ba shi labarin gida."

Na ce, "Yana ji?"

Ya ce, "Haka ta ɗauka."

Na tuna kakata a Shira, da take hana mu zama gindin wata tsamiya a bayan dutse da tsakar rana, ta ce akwai masu wurin. Abin da muka baro tun kakanni, shi na zo na tarar a cikin ɗaki, ana share masa ƙura kullum.

Wankan jegon ma da ya kawo ni bai yiwu ba. Likita ya ce ba a watsa wa Maryam tafasasshen ruwa. Kunun kanwa ta kurɓa sau biyu don kunyata. Aikina ya zama riƙon Ummi kawai. Rana ta uku na ga Obacan ta sauko da shinkafar da ta kai wa mamaci ta juye cikin tukunyar gida. Daga ranar na daina cin shinkafa, sai kunu, safe da rana da yamma, har zanena ya fara zamewa daga ƙuguna. Sai ga Obacan wata rana da kwali, ta yanke shi a gabana don in ga sabo ne: 'yar tukunyar lantarki ta dafa shinkafa. Ta nuna tukunyar, ta nuna ni. Na karɓa na yi godiya. Amma Allah ya yafe mini, sai da na wanke ta sau bakwai.

Ana nan sai ta ɗauko wata riga daga akwati, ja, ta alharini, da zanen furanni da tsuntsaye. Ta shimfiɗa ta gabana, ta sake kai goshi ƙasa. Shehu ya yi ta sosa ƙeya kafin ya fassara.

Ya ce, "Inna, in jaririya ta yi wata ɗaya da 'yan kwanaki, ana kai ta wurin bautar ƙauye, can kan dutse. Kuma a al'adarsu uwar miji ce ke ɗaukar ta, a rufe su da wannan rigar. Girmama ki take yi. Rigar da aka kai Maryam da ita ce."

Na ce, "A kai ta a yi me?"

"Al'ada ce kawai, Inna. Mafi yawansu hoto suke zuwa ɗauka."

"Shehu, ni na haife ka. In an kai ta, mai wurin me yake cewa?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Yana kaɗa mata sanda mai farar takarda a ka, ya faɗa wa kamin ƙauyen sunanta, ya ce ga sabuwar 'yarsa, ya tsare ta."

Na ce, "To ba hoto ba ne. Yarinyar da aka yi wa kiran sallah a kunne za a miƙa wa iskan dutse, kuma da hannuna."

Ya ce gidan surukarsa muke, mu bi a hankali. Na ga ɗana yana rawa kamar kara a ruwa, na san ni kaɗai na rage tsakanin takwarata da dutsen nan. Saura kwana goma sha biyu.

A cikin kwanakin nan ne wani abu ya fara faruwa. In Ummi ta yi barcin rana, nakan kwantar da ita kamar yadda na kwantar da duk 'ya'yana: a kan dama, fuska na kallon alƙibla. Tunda alƙibla na yamma, kanta sai ya faɗa arewa. In tafi alwala, in dawo, in tarar an juya ta da 'yar katifarta duka, kai ya koma inda ƙafa take. Maryam na kwance a wani ɗakin, ba ta da ƙarfin tashi. Obacan kuwa na bar ta a lambu. Na gyara. Kashegari haka. Rana ta uku ma haka, har da ɗan gishiri a zube bakin ƙofa. Na ce ko tsohon cikin kabad ne ke fitowa, ko kuwa shirya ta ake yi wa na kan dutse, ana kawar da fuskarta daga Ka'aba tun yanzu. Na karanta duk abin da na iya, na tofa a kusurwa huɗu.

Rana ta huɗu na kunna famfo na bar shi yana zuba, na dawo a kan yatsun ƙafa na tsaya bayan ƙofar takarda. Sai ga Obacan ta shigo da rarrafe, hannunta duk ƙasar lambu. Ta kama katifar tana juyawa a hankali, bakinta na motsi. Ban san lokacin da na faɗa ɗakin ba. Na fizge yarinyar, na goya ta, na ɗaure da majanyi tamau. Tsohuwar ta faɗi zaune ta ɗaga hannu biyu kamar zan doke ta. Yinin nan ban sauke Ummi ba sai in za ta sha nono, ina tsaye a kan uwarta.

Da Shehu ya dawo na ce, "Ka nemo mini jirgi. Da ni da takwarata."

Ya ce, "Inna, me ya yi zafi?"

Na faɗa masa. Ya juya ya tambayi Obacan da yarensu. Ta yi magana mai tsawo, hawaye na bin tamojin fuskarta. Na ga Shehu ya dafe kai.

Ya ce, "Inna, a nan gawa kaɗai ake kwantarwa haka. Kai arewa, fuska yamma, a kan dama. Sun ce haka Buda ya kwanta ranar da ya mutu. Ita kullum shigowa take ta tarar kin yi wa jikarta kwanciyar mamaci. Gishirin kuwa, shi suke watsawa in sun dawo daga jana'iza, don kada mutuwa ta biyo su gida. Ta ji nauyin tambayarki. Ta ɗauka wani abu kike yi irin na ƙasarku."

Na ce, "Ni? Ni take tsoro?"

Maryam ta jawo jiki ta zo bakin ƙofa. Hausarta ba ta fi cikin cokali ba. Ta ce, "Inna tsoro. Mama ma tsoro. Ummi ɗaya."

Na zauna a ƙasa.

Da safe Obacan ta kama bakin mayafina ta ja ni, Shehu na biye. Muka bi gefen gona har wata mararraba. A nan akwai wani ɗan gunkin dutse, tsayinsa bai wuce gwiwata ba, kansa a aske, fuskarsa kamar ta yaro mai barci. An ɗaura masa jan ƙyalle a wuya, an sa masa 'yar hular saƙa. Na ja na tsaya nesa. Ta durƙusa ta gyara masa hular, ta zuba masa ruwa. Shehu ya ce sunansa Jizo, sun ce shi ke riƙe hannun yaran da suka mutu don kada su ɓata a hanya. Ya ce kafin a haifi Maryam, Obacan ta haifi namiji, ya rasu yana da kwana ashirin da shida, ba a kai ga hawa da shi dutse ba. Shekara talatin da biyar ke nan, duk sanyi sai ta saƙa sabuwar hula.

Ta ɗaga mini yatsa ɗaya, ta dafa ƙirjinta. Ni kuma ban san sanda na ɗaga mata huɗu ba. Ta kalli yatsun nan, ta kama su da hannu biyu ta riƙe. Nawa huɗun suna maƙabartar Azare, ko alama babu, ruwan sama ya daɗe da baje su. Muka tsaya a nan, tsofaffi biyu, ba mai jin yaren wata.

A hanyar komawa na ce, "Shehu, kwantar da yaro yana kallon alƙibla farilla ne?"

Ya ce, "Ba farilla ba ne, Inna."

Ranar na kwantar da Ummi kanta na kudu, da hannuna. Obacan ta gani, ta sunkuya har ƙasa.

To amma a nan tsorona ya ƙaru, don yanzu tausayinta nake ji, kuma na san tausayi na iya kai ni inda ƙarfi bai kai ni ba. Na ce Shehu ya gaya mata: zan ɗauki yarinyar, zan yarda a rufe mu da rigar a yi hoto a gindin dutse, amma ba zan hau ba, ita ma ba za ta hau ba. Maryam ta ce haka ita ma take so, ta faɗa tana kuka. Obacan ta ce to. Amma na ga idonta bai ce to ba.

Ranar ta zo. Akwai sanyi, ganyen itatuwa duk ya yi ja. A gindin dutsen akwai wata jar ƙofa, ginshiƙi biyu da itace biyu a gicciye a sama, ba bango, ba ƙyaure. Shehu ya ce daga nan ƙasar kami ta fara. Bayanta matakala ce ta dutse ta shige cikin duhun itatuwa. A gefe akwai kwamin ruwa da ludayin gora, mutane na wanke hannun hagu, na dama, su kurkure baki. Wannan ma ya tsorata ni, don ya yi kama da abin da na sani. Daga sama ana jin ganga, ɗaya bayan ɗaya, a hankali.

Na rungume Ummi a ƙirji. Obacan ta yi ɗage ta yafa mana jar rigar, ta ɗaure igiyar a bayana. Aka ɗauki hoto. Sai na ji ta kama hannun rigata tana ja, a hankali, wajen ƙofar. Taku uku ne tsakanina da ita. Can sama wani mutum ya fito cikin fararen kaya da doguwar baƙar hula, ya tsaya yana jiranmu. Na dubi Shehu, ya kawar da kai. Obacan ta sake ja. Ta ce wani abu, na ji sunan Ummi a ciki, da wani suna da ban sani ba, na gane na ɗanta ne.

Na girgiza kai. Hawaye na zuba mini, na sake girgizawa. Na ce da Hausa, "Ki yi haƙuri, 'yar'uwa. Wannan tana da mai ita."

Na ɗauka za ta fizge yarinyar, ko ta yi kururuwa mutane su taru a kaina. Sai ta zaga bayana ta kwance igiyar. Ta yafa rigar a jikinta, ta naɗe hannuwanta a ciki kamar mai rungume da jariri. Ta wanke hannu ta kurkure baki, ta sunkuya a ƙofar, ta fara hawa. Taki ɗaya, ta huta. Taki ɗaya, ta huta. Jar riga na hawa dutse, ba kowa a ciki. Muka ji ƙararrawa daga sama, muka ji tafi biyu. Ni ina ƙasa ina karanta Ƙulhuwallahu a kunnen takwarata, ban san sau nawa ba.

Da ta sauko, a hannunta akwai 'yar jakar alharini kamar laya. Ta miƙo ta wajen Ummi, ta dubi fuskata, ta mayar cikin ƙirjin rigarta. Ni kuma na miƙa mata yarinyar, wadda tun ranar gishiri ban bar ta ta taɓa ba. Ita ta ɗauke ta har gida, ni na riƙe mata rigar.

Na cika kwana arba'in ɗin Maryam, na ƙara sati biyu, na dawo.

Emeka yana nan a shagonsa, ya yi furfura. In na wuce sai ya ce, "Hajiya 'yar Japan, yaushe za mu koma?" In ce sai dai ka koma kai kaɗai. Shehu da Maryam suna can, sun ƙara biyu maza, ba wanda aka hau da shi dutse. Ummi an kawo mini ita sau ɗaya, ta ci tuwo da miyar kuka har ta suɗe hannu, ta karanta mini Fatiha ba gyara. 'Yar tukunyar tana cikin kwallayena, wutarmu ba ta yi mata ba, ban kuma ba kowa ita ba.

Obacan ta shekara huɗu bayan dawowata. Duk sallah nakan roƙa mata shiriya. Ko ta samu, ko ba ta samu ba, wannan ba sanina ba ne. Ranar da Shehu ya bugo ya ce ta rasu, na tambaye shi yadda aka kwantar da ita. Ya ce kai arewa, an karkata fuskarta yamma.

Na ce, "Shehu, alƙibla ke nan."

Ya ce, "Ita ce, Inna."

Na ce, "Yaushe za a kai ta?"

Ya ce, "Inna, a nan ƙonawa suke yi. Gobe ne."

Kashegari ban hura wuta a gidana ba. Jikoki suka yi ta tambaya, na ce su je maƙwabta su ci.

Ga kunnuwanku nan, na mayar muku.